Notin da ke Aljihun Inusa

Inusa ba ya taɓa wayar mota sai ya cire kan batir. Wannan kowane mai gyaran wutar mota yana yi, in ya tuna. Abin da shi ya ƙara shi ne, in ya kwance notin da ke ɗaure kan batir ɗin, ba ya ajiye shi bisa mota ko cikin gwangwanin kusoshi. Aljihun gaban rigarsa yake jefa shi, ya dafa aljihun sau ɗaya. Muddin notin yana nan, aiki bai ƙare ba, kuma babu mai tada motar a bayan idonsa. Direbobin tashar Gazawa sun san haka. In mutum ya gaji da jira, ba ya tambaya ko an gama, aljihun yake kallo.

Surukina ne. Ɗiyata Saliha ya aura, ta uku cikin 'ya'yana. Shekara goma sha shida muna gari ɗaya, ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, shi kuma bai taɓa duban fuskata ba. In ya hango ni tafe, tun ina nesa yake cire takalmi ya durƙusa, ba ya tashi sai na wuce. Bai taɓa cin abinci inda nake zaune ba. Haka muka tarar ana yi, kuma ni ina jin daɗin yadda ya riƙe abin.

Mahaifinsa daga wajen Jibiya ya zo noman gyaɗa, ya zauna. Inusa ya yi lakol, makarantar boko, shekara huɗu ya bari, ya tafi Maraɗi ya yi shekara bakwai hannun wani mai gyaran wutar mota. Da ya dawo sai ya kafa rumfa bayan tasha, gindin wani itacen bedi, kusa da Ɗanmalam mai facin taya. Kayan aikinsa ba su da yawa. Wanda ya fi ji da shi wani ƙwan fitila ne mai waya biyu, da shi yake bin wuta cikin mota yadda mai haƙar rijiya ke bin danshi. Ba shi da sauri. Direbobi Sai-Gobe suke ce masa, don ko ƙaho ne ya mutu sai ya bi wayar tun daga tushe. Suna zaginsa suna dawowa, saboda motar da ya taɓa ba ta komowa da ciwon da ya gyara. Wannan sunan shi ne dukan abin da ya tara a Gazawa.

A shekarar da soja suka karɓi mulki suka ce za su mayar wa farar hula, aka sa ranar ƙuri'ar sabon tsarin mulki a ƙarshen kaka, ana cikin ɗaurin hatsi. Wata ƙungiya ta masu sa ido ta sauka garinmu tana neman motocin da za su kai mutanenta ƙauyuka. Ɗana Maharazu, ƙanen Saliha, yana da wata tsohuwar mota katkat da ya gada wajen kawunsa. Shekarar ta zo da yunwa, fasinja ya yi wuya, motar ta fi kwana a ƙofar gida bisa kan hanya. Ya je ya sa sunansa, suka ɗauke shi, da sharaɗi guda. Sun ba kowane direba wata na'ura mai allo kamar tafin hannu, jepeyes suke ce mata. Tana nuna inda mota take, tana kuma riƙe wurin kowane ƙauye da aka tsaya, don ƙauyuka da yawa babu su cikin takardarsu. Suka ce motar da ba a haɗa wa ita ba, ba ta tafiya.

Ban kasance wurin ba sa'ad da ya kai wa Inusa. Ɗanmalam ne ya ba ni labari daga baya.

"Injiniya, ga amarya na kawo maka," in ji Maharazu. Ya danna ta, sai muryar mace ta fito da Faransanci.

Ɗanmalam ya saki tayar da ke hannunsa. "Mace ce a ciki? To in ta san hanyar Gangara, ni zan cinye tayar nan ba gishiri. Kai da ko an ɗaure maka ido ka kai Cadawa, yau Madam ce za ta nuna maka gidan ubanka?"

"Kai dai yi facinka, tsoho. Yaya Inusa, minti nawa?"

Inusa ya buɗe gaban motar. Ya cire kan batir, ya jefa noti aljihu, ya kwance tablon motar, inda maɓallai suke gaban direba. Ramin kunna sigari, inda ya kamata a soka na'urar, ya mutu tun zamanin kawun. Bayan tablon kuwa wayoyi ne da hannu goma ya taɓa, wasu an naɗe su da leda, wasu ɓera ya ci. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ba zai rataya komai jikin waɗannan ba. Sai dai ya ja wa na'urar wayarta ita kaɗai tun daga batir, ta ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da mazaunin direba, kuma a sa mata fizibil kusa da batir. Fizibil ɗan siririn ƙarfe ne da ke ƙonewa shi kaɗai in wuta ta haɗu, don kada mota ta ƙone. Yana da fizibil ɗin, ɗan gidan da ake sa shi ciki ne ba shi da shi, kuma babu a Gazawa. Zai ba direban Maraɗi saƙo, jibi ya iso.

"Gobe da safe za su tashi, Yaya."

"To su tashi da wata motar."

Maharazu ya shigo gida yana huci. Ya ce mijin yayarsa ya fi son ƙarfe da mutum. Ya ce in wannan aikin ya kuɓuce, sayar da motar zai yi ya bi samarin da ke tafiya Agadas, daga can Libiya. Ya taɓa faɗin haka, amma a wannan ranar da wata murya daban ya faɗa. Uwarsa ta bar tankaɗe ta shiga ɗaki.

Bayan azahar na sa hula na ɗauki sanda.

A garinmu uban mata ba ya zuwa wurin sana'ar surukinsa. In akwai magana, aike ake yi. Ban taɓa taka rumfar ba sai ranar. Na tarar da ƙafafunsa waje, kansa ƙarƙashin sitiyari. Ɗanmalam ya ce, "Inusa, ga Baba." Ya fito da sauri har ya buga goshi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa cikin baƙin mai. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, har gajiya da ɗaurin hatsi. Ɗanmalam ya share mini benci na zauna.

Na ce, "Na ce in zo in ga abin nan da ake ta faɗi."

"Ga shi nan, Baba."

Na duba shi. Ban ga komai ba sai fuskata cikin baƙin gilashi.

"An ce mutanen da safe za su tashi."

"Haka aka ce, Baba."

"To. Allah ya sa a dace."

Amma ban tashi ba. Shi ba ya iya miƙewa ina zaune, ba ya iya komawa cikin mota ya miƙo mini ƙafafu. Ya zauna a durƙushe. Inuwar bedin ta janye daga kansa ta bar shi cikin rana. Ɗanmalam ya yi ta bugun wata taya da ba ta buƙatar bugu. Can sai Inusa ya yi magana, yana kallon ƙasa.

"Akwai wani ɗan abu da bai iso ba, Baba."

"Babba ne?"

"Ƙarami ne."

"To, ƙaramin abu ai ba ya gagarar ku."

Na dafa sanda na tashi. A hanya ina gaya wa kaina ban umarce shi da komai ba, kuma gaskiya ne, ban umarce shi ba.

Kafin magariba motar tana ƙofar gidana, allon na'urar yana haske, yara sun kewaye ta suna kwaikwayon Madam. Ɗanmalam ya ce Inusa ya ja jar waya daga batir kai tsaye, ba fizibil. Ya roƙi yankin robar taya wajensa ya naɗe bakin ramin da wayar ta bi, don kada ƙarfe ya ci ta. Ya ce da ya ciro notin daga aljihu ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya ɗaure. Ya kuma ce wa Maharazu duk inda suka tsaya ya buɗe ya duba jar wayar, ran da suka dawo kuma ya kawo masa motar kafin ya je gida. Maharazu ya ce to, yana danna allo.

Kwana biyu suka yi lafiya. Rana ta uku, jajibirin ƙuri'a, da hantsi, suna bayan Gangara kan hanya mai girgiza, robar ta zame. Ƙarfe ya ci wayar. Suka fara jin ƙauri, sai hayaƙi daga ƙarƙashin tablo. Baƙi uku masu sa ido da ya ɗauko suka yi tsalle suka fita. Maharazu ya buɗe gaban motar ya kama kan batir da hannu zai fizge, amma notin a ɗaure yake tamau, yadda Inusa ke ɗaurewa. Masu ɗaurin hatsi a gonar gefe suka rugo da ƙasa cikin ƙwarya, su suka kashe wutar. Injin ya tsira. Wayoyin motar kaf sun ƙone, tablon ya narke, na'urar ta koma dunƙulen baƙar roba. Hannun daman Maharazu ya sha wuta, yatsu biyu har yau ba su miƙe ba.

Ranar ƙuri'a muna likita. Ban jefa ba.

Bayan kwana huɗu Sanda, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya tara mutane a rumfar tasha don a ji yadda aka yi, saboda ƙungiyar masu sa idon ta janye aikinta daga sauran motocin garin, direbobi suna fushi. Aka kira ni a matsayin uban mai mota, aka shimfiɗa mini tabarma a gaba. Inusa ya durƙusa can gefe, inda ba za mu haɗa ido ba.

Sanda ya ce, "Sai-Gobe, kai da ka hana ni motata kwana uku a kan fitilar baya. Gaskiya ne ba ka sa fizibil ba?"

"Gaskiya ne."

"Mantuwa ka yi?"

"Ban manta ba."

"To wani ya matsa maka? Yaron nan ne? Faɗi, ai mun san bakinsa."

"Ni na haɗa ta."

Ɗanmalam yana tsaye bayan mutane. Ya dube ni, na ga ya dube ni. Ba zai yi magana gaban dattijo a kan abin da ya shafi surukai ba, jira yake. Sanda ma ya juyo ya ce, "Baba, ko akwai abin da za ka ce?"

Na yi gyaran murya. Na ce abin da ya faru ya riga ya faru, Allah ya kiyaye gaba. Aka shafa fatiha. Wasu har suka yaba mini, wai na yi haƙuri da surukin da ya ƙona motar ɗana.

Babu wanda ya kore shi daga bayan tasha. Motoci ne suka daina tsayawa. Wanda fitilarsa ta mutu sai ya lallaɓa har Agye ko Maraɗi. Sunan Sai-Gobe ya ɓace, wata magana ta maye gurbinsa. In direba ya kai gyara wani wuri sai ya ce, "Don Allah kar ka yi mini haɗin Inusa." Na ji ta da kunnena a wurin mai shayi, daga bakin wani da bai ma san ko wane ne Inusa ba.

Shi kuwa ya ari shanun huɗa biyu ya jawo motar daga bayan Gangara har cikin gidansa. Ba wanda ya sa shi. Da safe yana gyaran rediyo da tocila da cajar waya a rumfa, abin da zai kai cefane gida. Da la'asar ya shiga motar. Duk wanda zai je Maraɗi ko Jibiya sai ya ba shi saƙon tsofaffin wayoyi daga wurin masu fasa motoci. Saliha ta ce ɗaya bayan ɗaya yake jan su, kowace ya gwada ta da ƙwan fitilarsa, ya ɗaura mata zare mai launi. Maharazu bai taka gidan ba. Da hannunsa ya warke sai ya kama tuƙin motar wani ɗan kasuwa zuwa iyaka, bai tafi Libiya ba, don a lokacin can ma yaƙi ya tashi, masu dawowa sun fi masu tafiya.

Wata rana Saliha ta kawo mini fura. Ta ajiye, ba ta tafi ba.

"Baba, an ce ranar nan ka je rumfa."

"Na bi ta can."

Ta tsaya kaɗan. Sannan ta ce a sha da sauri kafin ta tsinke, ta fita. Ba ta sake tambaya ba. Furar ma ba ta daina zuwa ba.

Aka yi zaɓen kansiloli, aka yi na shugaban ƙasa, aka yi zagaye na biyu. Kowane zaɓe motoci na wucewa da lasifika, ni ina cewa in an gama wannan zan je. Bayan zagaye na biyu, zafi ya fara, na je gidansa da la'asar. Na shirya maganar tun daga gida, kalma biyar ce ko shida. Na tarar da shi cikin motar. Ya fito ya durƙusa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa. Na tambayi yara. Na ce bana zafi da wuri ya zo. Ya ce da wuri ya zo, Baba.

Bisa kujerar direba na ga wani ɗan baƙin abu mai jela biyu, bai kai babban yatsa ba. Na nuna da sanda.

"Wannan fa?"

"Gidan fizibil ne, Baba."

"Ashe ya iso."

"Ya iso. Tun washegarin tafiyarsu."

Babu zargi cikin muryarsa. Da akwai, da wataƙila na samu bakin magana. Na tambaye shi saura nawa, ya ce saura kaɗan. Ya ce wani direba ya samo masa irin na'urar a Katsina, tsohuwa amma tana aiki, yana so in ya mayar wa Maharazu motarsa ya mayar da ita yadda ya kamata ta fita tun farko. Na ce Allah ya taimaka. Ya raka ni ƙofa, yana bayana da taku uku.

A makon da soja suka miƙa mulki, ana ta kiɗa a rediyo, ciwon kai ya kama shi ranar Talata. Laraba wuyansa ya sandare. Aka kai shi likita a amalanke, don ba a samu mota da wuri ba. Suka ce sanƙarau ne. Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Shekararsa arba'in da uku, ya bar 'ya'ya biyar.

Ranar addu'ar bakwai direbobi sun zo da yawa, fiye da yadda na zata. Da aka watse na ce Sanda ya dakata. Ɗanmalam ma yana nan. Na gaya musu na je rumfar ranar, na zauna, da abin da na ce kafin in tashi. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Sanda ya dube ni. Shi ma yana da surukai, bai buƙaci a yi masa bayani ba.

"Kai da kanka, Baba? Da ƙafarka?"

"Da ƙafata."

"Ka zauna?"

"Na zauna."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce, "Da a ranar nan ka..." Bai ƙarasa ba. Ɗanmalam ya tashi ya tafi ba sallama. Na ji daga baya Sanda ya hana a riƙa faɗin "haɗin Inusa" a tashar Gazawa, kuma an rage. Amma ta riga ta bi motoci ta fita. Bara wani jikana ya ji ta a Cadakori.

Da Saliha ta zo wanke kayansa, sai ta ji wani abu mai nauyi cikin aljihun rigar aikinsa. Ba ta kai wa Maharazu ba, ni ta kawo wa. Ta ajiye shi bisa tabarmata kusa da ƙwaryar fura, ta koma gidanta. Yana cikin aljihuna yanzu. Ba shi da nauyi sosai.

Maharazu ya je ya ga motar daga baya. Ya ce bai taɓa ganin bayan tablo mai tsabta haka ba, kowace waya da zarenta, kowace a ɗaure a wurinta. Ya kawo wani mai gyara daga Agye, mutumin ya duba ya ce aikin rabin sa'a ya rage. Suka aiko a karɓi notin. Na ce su ɗan dakata. Sun san noti ba wuyar samu yake ba, ko wajen Ɗanmalam akwai gwangwani guda, amma ba su sa wani ba.

Motar tana nan cikin gidan Saliha, tayoyinta sun sace, kaji na kwana ƙarƙashinta. In ka buɗe gabanta za ka ga jar waya sabuwa ta fito daga bangon ƙarfe, bakin ramin an sa masa roba mai kauri an ɗaure da kyau. An feƙe bakin wayar. Gidan fizibil ɗin yana rataye kusa da ita da farin zare, an haɗa jelarsa ɗaya, ɗayar tana lilo.